Koko da Cakulan: Yadda Sunan Gona Ya Ɓace a Hanya



Ran da aka manna sanarwar wannan lacca, wani ɗalibi ya tare ni a bakin laburare ya tambaye ni ko za a zo da ƙosai, tun da ya ga an rubuta koko. To, bari in fara da raba wannan gardama. Ba kokon kamu nake nufi ba, wanda ake damawa da safe. Ina nufin itacen nan na kurmi wanda ake sarrafa 'ya'yansa a yi cakulan, a kuma yi garin nan da muke saye cikin gwangwanin Bournvita ko Milo. Suna ne kawai ya zo ɗaya, kuma kunnen Bahaushe ne ya haɗa su.

Abin da ya jawo ni ga wannan magana ƙaramin abu ne. Wani abokina ya dawo daga Turai ya yi mini tsarabar cakulan sala uku, daga irin kantunan nan da ba su sayar da kome sai shi. Na farko an rubuta masa Madagaska, da na sa a baki sai na ji tsami-tsami kamar an ɗiga masa ruwan tsamiya, alhali ba a sa masa kome ba sai sukari. Na biyu daga Ekwado ne, yana da ƙamshi irin na fure. Na uku kuwa barkono da gishiri aka zuba masa da gangan. A jikin kowace takarda an buga sunan ƙasa, da sunan kwarin da aka noma kokon, ɗaya ma har da sunan gonar. Na juya takardun nan gaba da baya ban ga Ondo ba, ban ga Kumasi ba, ban ga ko ɗaya daga cikin garuruwan Kwaddibuwa ba. Ga shi kuwa wajen kashi 70 cikin ɗari na kokon da duniya ke ci daga Afirka ta Yamma yake fitowa. Ina dalili?

Bahaushe ba ya bukatar a koya masa cewa wurin da abu ya tsiro yana fita a bakin mai ci. Kakanninmu fatake sun yi ta tafiyar watanni zuwa Gwanja domin goro. Sun san ɗan Laboji na ƙasar Nufe, wanda ake ajiye wa sarakuna. Sun san hannun ruwa, mai yauƙi, wanda ba a kai wa surukai. Har gobe dillalin goro yana ɓantara ɗaya ya gaya maka daga inda huhun ya fito, ya yanka masa kuɗi bisa ga haka. Masana ilmin tsirrai ma dangi ɗaya suka sa goro da koko. Bambancinsu shi ne goro yakan iso Kano da sunan garinsu a goshi, koko kuwa sunansa kan faɗi tun bai kai bakin teku ba. Yadda aka yi haka ta faru shi ne tarihin da zan ba ku yau.

Asalin itacen koko dazuzzukan saman kogin Amazon ne, a Amurka ta Kudu. A cikin 2018 masu tonon kufai suka ba da sanarwar sun sami burbushinsa a jikin tukwanen da aka haƙo a wani wuri mai suna Santa Ana-La Florida, a kudancin Ekwado, waɗanda suka shekara 5,300. Daga nan ya yi arewa har ƙasar da muke kira Meksiko a yau da maƙwabtanta, inda mutanen Maya, daga bisani kuma Aztek, suka ɗaukaka shi ƙwarai. Su sha suke yi, ba tauna ba. A soya ƙwayar, a niƙa a dutse, a dama da ruwa, sa'an nan a yi ta sheƙawa daga wannan ƙoƙo zuwa wancan, daga sama, har kumfa ta taso, kamar dai yadda mai shayi ke yi a bakin tasha. Babu sukari, babu madara, domin rake da shanu ba su isa wannan nahiya ba sai tare da Turawa. Abin da suke zubawa shi ne barkono, da garin masara, da banila, da furanni iri iri, wani lokaci da zuma, da wata jar ƙwaya mai rina abin shan ya yi ja. Saboda haka salar nan mai barkono da abokina ya kawo mini a matsayin sabon yayi, ita ce ta fi kusa da yadda aka sha koko tun fil azal. Mai madarar nan da muka saba da shi shi ne baƙo, bai daɗe da cika shekara 150 ba.

Har ila yau ƙwayar koko kuɗi ce a wurinsu, kamar yadda wuri yake a wurinmu. Akwai takardar farashi ta garin Tilaskala, ta 1545, wadda ta nuna ana sayen talo-talo mace mai kyau a kan ƙwaya 100, ƙwanta a kan ƙwaya 3, babban tumatir kuwa ƙwaya ɗaya. Kaya guda na ɗan dako ƙwaya 24,000 ne, watau ya ɗan ɗara kesonmu na wuri 20,000. Kuma tun da kuɗi ne, an sami 'yan jabu, masu rarake ɓawon su cusa masa laka ko ƙulli su liƙe. Abin lura a nan shi ne tun a wancan zamani koko yana da suna. Na lardin Sokonusko, can bakin teku wajen iyakar Meksiko da Gwatemala ta yanzu, shi ne na gaba, kuma sarakunan Aztek sun ci lardin da yaƙi suka ɗora masa gandun koko.

Bature na farko da ya yi arba da ƙwayar shi ne Kolumbus, a 1502, lokacin da ya kama wani babban kwalekwalen fatake kusa da tsibirin Gwanaja, bai kuwa san darajarta ba. Sifaniyawa suka ci daular Aztek a 1521. A 1544 wasu limaman Kirista suka kai wakilan Maya gaban Yarima Filib na Sifen, cikin gaisuwar da suka kai har da cakulan damamme, kuma a 1585 aka sauke kayan koko na farko na ciniki a tashar Sebil. Turawa suka ɗumama abin shan, suka zuba masa sukari da kirfa, suka yi ta rage barkono har ya fita. Ya zuwa 1657 ana sayar da shi a Landan. A fadar Firenze ta Italiya, zamanin Kosimo na Uku, an yi cakulan mai furen yasmin wanda aka ɓoye sirrin haɗa shi kamar asirin yaƙi, wasu kuma suna sa masa ambar da almiski. Ashe neman baƙon ɗanɗano tsohuwar ɗabi'ar masu hali ce. A 1753 masanin nan Linneyus ya raɗa wa itacen sunan ilmi da kalmomin Girkanci masu ma'anar abincin alloli.

Amma fa abincin allolin nan bayi ne suka noma shi. Cututtukan da Turawa suka kawo, da aikin tilas, sun ƙarar da yawancin mutanen Sokonusko da kewaye, sai noman ya koma kudu, zuwa gaɓar Benezuwela, inda aka yi ta sauke 'yan Afirka daga jiragen bayi, da kuma Gwayakil ta Ekwado. A kasuwannin ƙarni na 17 da na 18 da sunan tashar jirgi ake sayen koko. Na Karakas na manya ne, na Gwayakil mai araha ne, na talaka. A nan ne aka sami sunayen nan uku da har yanzu ake bugawa a littattafai. Manoman Benezuwela suka kira nasu Kiriyolo, watau ɗan gida, mai farar ƙwaya marar ɗaci sosai, amma rago ne wajen haihuwa kuma ba ya jure ciwo. Duk wanda ya zo daga wani wuri suka kira shi Forastero, watau baƙo. Da wata annoba ta halaka gonakin tsibirin Tirinidad a 1727, aka kawo baƙon aka dasa cikin sauran ɗan gida, barbararsu ta ba da na uku, Tirinitariyo. Ina so ɗalibai su riƙe wannan: kalmar Forastero daga bakin mai gonar da ke kare kasuwarsa ta fito, kuma ita aka yafa wa dukan kokon Afirka daga baya. Binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2008 ya nuna koko ya kasu dangi goma ne, kuma abin da ake tarawa a kira baƙo dangogi ne da yawa da ba su yi kama da juna ba.

Abin da ya juya al'amarin gaba ɗaya injuna ne. Rabin nauyin ƙwayar koko mai ne. A 1828 gidan Van Houten na ƙasar Holan ya yi rajistar wata matsa mai tatse man ta bar gari. A 1847 kamfanin Fry na Biristol ya gano in aka mai da man nan cikin niƙaƙƙen koko da sukari, ana iya zubawa a mazubi ya daskare, a ci da hannu. A 1875 Daniel Peter na Suwizalan ya yi nasarar haɗa shi da madara, a 1879 kuma Rodolphe Lindt ya ƙera injin da ke ta murza cakulan sa'o'i masu yawa har ya yi laushi, tsaminsa ya tashi. Ya zuwa 1905, lokacin da Cadbury ya fito da Dairy Milk, cakulan ya tashi daga kofin attajiri ya koma aljihun leburan masaƙa. To, mai masana'antar da ke sayar wa miliyoyin mutane ba ya son abin mamaki. So yake salar bana ta zama daidai da ta bara. Madara da sukari suna rufe ƙamshin Karakas, don haka biyan tsadarsa asara ce. Abin da yake nema shi ne koko mai yawa, mai mai, mai ɗanɗano ɗaya kullum, wanda zai gauraya da wani ba tare da mai ci ya lura ba.

Irin da ya dace da wannan bukata shi ne wanda ake kira Amelonado, saboda ƙwallonsa ya yi kama da ɗan kankana. An kai shi lardin Bahiya na Birazil a 1746, daga can Fotugis suka tsallako da shi tsibiran Sawo Tome da Firinsife wajen 1822, daga baya ya isa tsibirin Farnando Po, wanda yanzu ake kira Biyoko. A farkon ƙarni na 20 Sawo Tome, duk da ƙanƙantarta, tana cikin na gaba a duniya wajen fitar da koko, da gumin mutanen da ake kamowa daga tsakiyar Angola da sunan kwantaragi, waɗanda ba a ganin komowarsu gida. Ɗan jaridar Ingila Henry Nevinson ya bi hanyar ya fallasa abin a 1906. Kamfanin Cadbury, wanda masu shi suka yi suna da tsoron Allah da kyautata wa ma'aikata, yana cikin manyan masu saye, kuma ya shekara da shekaru yana bincike yana rubuce-rubuce kafin ya janye. Jaridar Standard ta zarge shi da munafunci a 1908. A watan Maris na 1909 Cadbury da Fry da Rowntree suka daina sayen kokon tsibiran. Cadbury ya kai jaridar ƙara ya kuma yi nasara a ƙarshen shekarar, amma diyyar da masu taya alƙali shari'a suka yanka masa ita ce rubu'in kwabo. Wannan ita ce babbar shari'a ta farko a kan tambayar da masu cakulan ke ta yi har yau, watau daga ina ka sayo, kuma wa ya noma. Sai dai mu lura, kamfanin ya riga ya fara saye a Gwalkwas tun 1908. Ya saki reshe ne bayan ya kama wani.

A Gwalkwas, watau Gana ta yau, 'yan mishan na Basel sun gwada dasa koko tun kafin nan ba su yi nisa ba. Wanda ake ba girman abin shi ne Tetteh Quarshie, maƙeri, wanda ya komo daga Farnando Po da 'ya'yan koko ya dasa a Mampong ta Akwapim wajen 1879. A 1891 abin da ƙasar ta fitar bai wuce buhu biyu ba. A 1911 ya kai wajen tan 40,000, ta zama ta ɗaya a duniya, a 1936 kuma ya haura tan 300,000. Ba gandun Bature ne ya yi wannan ba. Manoma ne 'yan ƙasa suka haɗa kuɗi ƙungiya ƙungiya, suka sayi daji a ƙasar Akim, suka sare suka dasa, suka jira shekara biyar kafin su ga kwabo, sa'an nan suka ɗauki ribar suka sayi wani dajin. Wadda ta bi diddigin wannan ta rubuta a 1963 ita ce Polly Hill, kuma wasunku sun san ta ta wata fuska, domin ita ce ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta rubuta littafinta kan manoman Hausa wanda ya fito a 1972.

Mu ma da hannunmu a ciki. Kafin mota ta wadata, a ka ake ɗauko koko daga gona zuwa ma'auna, kaya guda laba 60. Masu dakon da leburorin gona yawancinsu daga arewa suke gangarowa: Mosawa, da Zabarmawa, da mutanen arewacin Gwalkwas, da Hausawa, suna bin hanyoyin da fataken goro suka riga suka share, suna sauka a zangunan da suka kafa. Da yawa sun karɓi gona bisa tsarin da ake kira abusa, mai kula da gona ya ɗauki sulusin amfani. Zuriyarsu na nan a zangunan Kumasi da Ankara, ko da yake dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia, a Nuwamba 1969, wadda ta ba marasa takarda mako biyu, ta watsa dubbai. A Nijeriya kuma labarin ya bi ta Agege, inda su J. K. Coker suka kafa ƙungiyar manoma a 1907, leburorinsu suka riƙa komawa gida da iri zuwa Badun da Ilesha da Ondo. Da koko ya ja baya a Agege manoman suka koma goro, reluwe ya kai Kano, Hausawa masu sayen goro suka yi unguwa a can. Wanda ya san Agege ya san ba su tashi ba.

Yanzu bari mu tsaya a gona, domin a nan ɗanɗanon yake, kuma a nan aka fi yi wa manomi rashin adalci. In ka fasa ƙwallon koko za ka tarar da ƙwaya 30 zuwa 40 cikin wani farin yauƙi mai zaƙi. In ka tauna ɗanyar ƙwayar ɗaci da bauri kawai za ka ji, ba ko alamar cakulan. Manomin Asante ko na Ondo yakan tara ƙwayar da yauƙinta a kan ganyen ayaba, ya rufe da wani ganyen, ya bar ta kwana biyar zuwa bakwai yana juyawa, kamar yadda mata ke rufe dafaffiyar kalwa in za su yi daddawa. Cikin kwanakin nan ƙananan halittun da ido ba ya gani suna cinye zaƙin, tsami ya taso, tarin ya ɗau zafi har kusan digiri 50, ƙwayar ta mutu, cikinta ya sāke launi daga shunayya zuwa ruwan ƙasa. A nan ake haifar abin da wuta za ta fito da shi daga baya ya zama ƙamshin cakulan. Sa'an nan a shanya a kan tabarmar gora bisa rumfa, mako ɗaya ko biyu, ana motsawa ana tsince marasa kyau. In aka gaggauta rufin, cakulan ya yi bauri. In aka zarce, ya yi warin ruɓa. In aka busar da hayaƙin itace, kamar yadda damina ke tilasta wa wasu manoman Kamaru da na Fafuwa Niyu Gini, hayaƙin ba ya fita har abada. Babu injin da ke Suwizalan da zai iya mai da abin da aka ɓata a makon nan guda. Wannan gwaninta ce, kuma ta manomi ce.

To, me aka biya shi a kanta? A 1937 manyan kamfanonin Turawa masu sayen koko, U.A.C. na kan gaba, suka ƙulla yarjejeniya a asirce don kada su yi gasar farashi. Manoman Gwalkwas da sarakunansu suka ƙi sayarwa, suka kuma ƙaurace wa kayan kanti, tun daga ƙarshen 1937 har Afrilu 1938, wasu har suka ƙone kokonsu. Gwamnatin Ingila ta aiko da kwamitin Nowell, wanda ya soki yarjejeniyar. Yaƙin Duniya na Biyu ya zo gwamnati ta karɓe sayen gaba ɗaya, a 1947 kuma aka kafa Hukumar Cinikin Koko a Gwalkwas da kuma Nijeriya. Ma'aikatan da ke cikinmu sun san irinta, domin irin wannan hukuma ce ta tara dalar gyaɗa a Kano. Hukumar kan yanka farashi ɗaya na shekara, ta saya ta hannun wakilanta, ta sayar a Landan, ta riƙe rarar. Da rarar koko Jihar Yamma ta sami ƙarfin fara ilmin firamare kyauta a 1955, ta buɗe gidan talabijin a 1959, ta gama Gidan Koko mai hawa 26 a Badun a 1965.

Ba na cikin masu zagin hukumomin nan baki ɗaya, ko da yake sun tatsi manomi fiye da kima. Sun yi abu guda da ya cancanci a tuna. Sun sa tazara mai kauri tsakanin kuɗin koko lamba ɗaya da na ƙasa da shi, suka baza malaman duba amfanin gona masu tsaga ƙwaya da wuƙa su ƙidaya mai fumfuna da wadda ba ta rufu ba. A kakar 1947 zuwa 1948 lamba ɗaya bai kai rabin kokon Nijeriya ba. Kafin tsakiyar shekarun 1950 ya haura kashi 90 cikin ɗari. Manomin da ake cewa ba ya jin magana, da aka yi masa magana da sule ya ji. Da aka rushe hukumomin a Nijeriya a 1986 ba tare da an tanadi mai tsaron inganci ba, 'yan baranda suka shiga ƙauyuka suna saye jiƙe da busasshe kuɗi ɗaya, kokon Nijeriya ya rasa ƙarin kuɗin da ake ba shi a kasuwar duniya. Gana ta riƙe hukumarta da masu dubanta, ta kuma riƙe nata ƙarin.

Amma ku dubi abin da wuƙar malamin duba take nema. Aibi take nema, ba daɗi ba. Manomi biyu, ɗaya kokonsa na da ƙamshi na musamman saboda ƙasarsa da hannunsa, ɗaya nasa lami ne amma ba fumfuna, duka lamba ɗaya ne, kuɗinsu ɗaya. A rumbun hukuma a juye su wuri guda, a ɗinke buhu, a buga masa sunan ƙasa. A Amsterdam kuma a gauraya na ƙasa uku. Masu binciken iri ma, a tashar Tafo da aka buɗe a 1938 saboda ciwon kumburin reshe, yawan haihuwa da jure cuta suka sa gaba lokacin da suka shigo da irin saman Amazon a 1944, kuma ba wanda zai zarge su, domin gonaki mutuwa suke yi. Kwaddibuwa, wadda ta wuce Gana wajen 1977, a kan yawa ta gina nata. Ko dokar Tarayyar Turai ta 2000, wadda ta yarda a sa man da ba na koko ba har kashi 5 cikin ɗari a kira abin cakulan, hanya ɗaya ta bi. Ɗaya daga cikin mayukan da aka yarda da su man kaɗanya ne, don haka matan da ke tsintar kaɗanya a Neja da Kwara da arewacin Gana suna cikin salar da ake ci a Turai, su ma ba suna.

Komowar suna ta faro ne daga Faransa. Wajen 1984 gidan Bonnat ya fara sayar da cakulan na wuri guda guda, a 1986 Valrhona ya fito da wani mai koko kashi 70 cikin ɗari ya sa masa sunan tsibirin nan da Kolumbus ya kama kwalekwale. Daga shekarun 1990 ƙananan masu sana'a a Amurka da Turai suka fara tafiya gona da kansu, su ɗanɗana, su yi ciniki da ƙungiyar manoma, su soya su niƙa a ɗan shagonsu. Hanyar ɗanɗanawarsu ba ta da wuya: a karya a ji ƙara, a sansana, a ɗora a harshe a bari ya narke ba tauna, a kurkure baki da ruwa kafin na gaba. Ƙauyen Cuwawo na Benezuwela, wanda ta jirgin ruwa ake shiga, inda jikokin bayi ke shanya koko a farfajiyar coci, abin da yake nomawa a shekara bai kai tan 50 ba, amma an yi wa sunansa rajista a 2000, kuma ana rububinsa da ninkin farashi. Hujjar da ta fi burge ni kuwa daga Sawo Tome da Firinsife ta fito, inda aka koma kan tsofaffin itatuwan Amelonado, irin nan da aka yi wa tambarin gama-gari, aka kula da rufi da shanya, aka fitar da cakulan da masana ke sawa a sahun gaba. Ashe laifin ba na iri ba ne.

Kada dai mu ruɗi kanmu. Wannan kasuwa ƙarama ce ƙwarai in aka gwada ta da tan miliyoyin da manyan kamfanoni ke haɗiya, kuma ba za ta ɗauke talaucin manoma miliyan biyu ba. Ƙungiyar manoman Kuapa Kokoo ta Gana, wadda aka kafa a 1993, ta mallaki hannun jari a kamfanin cakulan na Divine a Ingila a 1998, masana'antar Tema na yin Golden Tree, wasu matasa a Ankara suna haɗa cakulan da zoɓo da citta, amma duk wannan ɗigo ne. Wani bincike da Jami'ar Shikago ta fitar a 2020 ya ƙiyasta yara miliyan 1.56 ne ke aikin da bai dace da shekarunsu ba a gonakin koko na Gana da Kwaddibuwa. A 2019 ƙasashen biyu suka haɗa kai suka ɗora dala 400 a kan kowane tan domin manomi, masu saye suka yi ta zaftare ta ta wata ƙofa. A 2024, bayan mummunar kaka, farashi ya haura dala 12,000 a kasuwar Niyu Yok, amma manomin ƙasashen biyu, wanda hukuma ta riga ta yanka masa farashi, kaɗan ya gani daga ciki, har aka riƙa satar fita da koko ta kan iyaka zuwa Togo da Gini.

Abin mamaki, hanyar da sunan gona ya fara komowa kan buhu a Afirka ta Yamma ba ta ɗanɗano ba ce. A 2023 Tarayyar Turai ta yi dokar da ta ce duk kokon da zai shiga kasuwarta sai an nuna daidai inda gonarsa take a taswira, don a tabbatar ba a sare daji aka dasa shi ba bayan ƙarshen 2020. An ɗage ranar fara aiki da ita a 2024 saboda ba a shirya ba, amma ma'aikata sun riga sun shiga gonakin Ondo da Kuros Riba da Asante da na'urar auna fili a hannu, suna zagaye iyakar kowace gona suna rubuta sunan mai ita. Rajistar da aka yi domin daji, ita ce kuma za ta iya gaya wa mai cakulan wane ƙauye ne ya ba shi buhun da ya ji daɗinsa, in an hana a gauraya shi a rumbu. Hana gaurayar kuwa aikin ofis ne, na masu duba amfanin gona da masu ba da lasin ɗin saye, kuma na ga wasunsu zaune a layin gaba.

Shugaba, na ci lokacin tambayoyi da minti goma, a gafarce ni.